Famfon da ke Tara Babu

Ɗigo ɗaya ne da farko,
baƙi, kamar tawada a kan siminti.
Na murje shi da takalmi na wuce.
Kafin sati biyu ya kai faɗin faifai,
sai ga takardar Misis Pruitt maƙale a ƙofa:
motarka tana ɓata mini ƙofar gida.

A-kori-kurar nan ta girmi 'yata.
Da ita nake kwasar matattun firji da injin wanki
daga lungunan Fort Wayne zuwa wurin masu sayen ƙarfe.
Ita ke biyan haya, ita ke aika wa na gida.
Bakanike ya leƙa, ya ce sai sabon famfo,
dala ɗari shida har kuɗin aiki.
Na ce zan dawo.
Ni da shi duk mun san ba zan dawo ba.

Asabar, sanyin Nuwamba na cizon kunne,
na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashinta.
Rumasa'u ce mai riƙon tocila,
tana haska ko'ina ban da inda nake so.
Noti biyu suka fito ba gardama.
Na ukun ya laɓe a bayan tiyo,
inda yatsa ke kaiwa, ido bai kai ba.
Sifana ta suɓuce, ta tafi da fatar gaɓata,
na saki wata kalma da ban taɓa koya wa yarinyar ba.
Ita kuwa ta cafe ta, tsaf, da Hausarta.

Orval ya tsallako daga gidansa da kofin gahawa.
Shekara talatin yana haɗa manyan motoci,
yanzu hannunsa rawa yake, ko cokali sai da lallami.
Ya ce, kun san aikin wannan abu?
Injin fetur yana da zuƙarsa, na dizal ba shi da ita,
shi ya sa ake goya masa wannan.
Ya kwashe iska, ya bar wuri wayam,
da wannan wayam ɗin birki ke samun ƙarfi.
Rumasa'u ta ce, ke nan babu ce ke tsayar da mota?
Tsohon ya yi dariya har gahawa ta zube masa a wando.

A teburin kicin muka buɗe cikinsa,
bisa tsohuwar jarida, uwargida na harararmu.
Ga mai laifin:
zoben roba, bai kai bakin kofin shayi ba,
ya bushe, ya dare kamar faso a diddige.
Sabon, dala goma sha huɗu.
Na shafa masa mai, na zaunar da shi, na ɗaga guduma.
Orval bai ce uffan ba,
yatsansa mai rawa kawai ya miƙo.
Na duba. Ashe a juye na sa shi.
Leɓen roba mai yake kallo, ba waje ba.

Magariba ta same ni a kwance,
ina mayar da kowane noti ɗakinsa.
Na murza makulli, ta yi tari, ta kama.
Na taka birki, ya karɓa da taushi.
Na tura sabon kwali ƙarƙashinta, fari fat,
na shiga na wanke hannu sau uku,
baƙin yana nan a ƙarƙashin farce.
A aljihu na tsinci wata 'yar wasa.
Har yau ban san daga ina ta fito ba.

Da asuba na ji ƙarar ƙofa.
Rumasa'u ce, da rigar barci da takalmana,
ta durƙusa a kan raɓar da ta daskare,
ta jawo kwalin, ta ɗaga shi sama da hannu biyu.
Baba! Babu!

Tun zuwana ƙasar nan nake jin kalmar:
babu aiki, babu takarda, babu wuri.
Yau ce rana ta farko da na amsa mata
da alhamdulillahi.